Zaren da Na Ɗaura wa Kaji

Ni yayarku nake rubuta wannan a gadon asibiti, cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba. Likita ya daina cewa in na warke, ni ma na daina. Zuwa ga Dogo da Auta, da na rena tun rasuwar Mama. Baba ya ce ya gaji da faɗanku a kan kaji, zai kai Auta gidan Goggo. Abin da ya sa na ari biro ke nan.

1. Ciwon ƙafafun kajin nan laifina ne. Dogo, ka daina cewa Auta ce ta taka su. Suna 'yan tsaki kuna rigimar wanne na wa, sai na ɗaura musu zaren buhu a ƙafa, ja naka, fari nata. Ban yi tunanin ƙafa tana girma ba. Wata uku ina kwance, zaren ya nutse cikin nama.

2. Ku yanke shi da reza, ɗaya ya riƙe fukafukai. A wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a naɗe da tsumma mai tsabta, sako-sako. Wadda yatsunta suka yi baƙi suka yi sanyi, an makara, kada ku sa rai. A sauke sandar da suke hawa, tsalle na fasa musu miki. Wayar ƙofar akurki kuma tana fizge farce, a lanƙwasa ta.

3. Gurguwa, wadda ke jan gwiwa, na hana Baba yanka ta. Na janye. Ba ta iya tono, 'yan uwanta sai sarar kanta suke yi wajen tsaba. Don kaina na bar ta, ba don ita ba. Kada Auta ta gani.

4. Jakar makarantata ta Auta ce. Dogo, bargona naka ne. Kajin da suka rayu na gida ne, ba na kowa ba.

Kaji bakwai suka rage, ban ce ko uku za su rayu ba. Goggo kuma na ji har ta gyara katifa.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya yafe mini. Ku riƙe juna. Dogo, ka karanta wa Baba wannan kana riƙe da hannun Auta, ka roƙe shi ya bar ta. In ya ƙi, kai za ka ɗaukar mata jakar har ƙofar Goggo, kuma ka riƙe hanyar da kyau, don ka riƙa zuwa ganinta.