Azaliyar Baba da Tokar Isah

Jibiya, ranar Asabar

Yaya Mariyamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba da gajiyar hanya? Allah ya sa a yi aikin idon nan a sa'a. Tunda aka katse mana sabis, wayata ta koma fitila, shi ya sa na dawo wa biro da takarda. Bawa direba zai miƙo miki in ya tsallako Maradi.

Yaya, nemi wuri ki zauna. Ranar da Baba zai taho wurinki, ya sa aka ɗauko azaliyarsa, 'yar bishiyar furen nan tasa ta cikin kasko, aka kawo gidana, ya damƙa mini ɗan almakashinsa, ya ce in sauya mata ƙasa in rage mata rassa kafin ya dawo. Ni Muhsina! Bishiyar da ta girme ni amma har yau ba ta wuce kamu ɗaya ba, wadda muna yara ko kusa da kaskonta ba mu isa mu gifta ba. Tun da Bajapanen nan mai haƙa rijiyoyi ya bar masa ita yake lallaɓa ta a garin da ba nata ba. A inuwa take kwana take tashi, da bazara a kewaye ta da jiƙaƙƙen buhu, kuma ba ta shan komai sai ruwan sama na randa. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya daina taɓa saiwarta, don yana tsoron ya yanke inda ba a yankewa.

Jiya na yi aikin. Da na zaro ta daga kasko sai na tarar saiwoyin sun cure kamar soson wanka, ruwa ma ba ya ratsa su. Da tsinken tsire na riƙa tsefe su a hankali, na datse na gefe da na ƙasa. Sabuwar ƙasar kuwa yadda ya koya mini na haɗa: yashi mai gwari-gwari, dakakken jan bulo da ruɓaɓɓen ganye. Rassan ƙasa na rage su sosai, na sama kuwa na tausaya musu, don ya ce kanta ne ba shi da ƙarfi. Duk inda tsiro uku suka fito wuri ɗaya na bar biyu. Da na gama na ja baya na dube ta, wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida.

Burina ɗaya, ranar da aka buɗe masa ido ya dawo ya same ta shar, ya san bai yi kuskuren ba ni ita ba. Ki shafa mini kan 'yarki Amatullahi.

Ƙanwarki,
Muhsina


Jibiya, ranar Laraba

Yaya Mariyamu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Bawa ya kawo mini albishir cewa an yi aiki kuma Baba ya gane fuskarki. Alhamdu lillahi! Na yi kuka na yi dariya, har maƙwabta suka leƙo. Sai dai wannan takardar kada ki karanta masa.

Na je suna a ƙauyen Kusa na kwana biyu. Kin san mijina Isah, noman rani a bakin dam shi ne rayuwarsa, kuma a wurinsa duk cutar shuka maganinta toka da kashin kaji. Ya ga 'yan tururuwa a kaskon, tausayi ya kama shi, ya ɗebo toka daga murhu ya barbaɗa mata kamar yadda yake yi wa irin tumatir, ya bi da taki, ya kwarara ruwan rijiya. Da na dawo har da murmushinsa yake nuna mini, wai ya taya ni aiki. Ita kuwa da toka ba sa ga maciji, Baba ya sha faɗa. Kafin ka ce me ganyen ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa ya ƙone, ya fara zuba. Garin neman gira ke nan, sauran karin maganar ba zan ƙarasa ba tunda muna cikin jinyar ido.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, har tuwo na hana shi. Amma fushi ba ya tsirar da ganye. Na sake zaro ta, na wanke saiwoyin tas, na zubar da ƙasar na haɗa wata. Da na ga saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da rassan ba, na rufe ido na datse su har kusa da gindi, har da babban reshen nan na hagu da ya sunkuya. Yanzu in kin gan ta sai ki ce itacen hura wuta aka kafa a kasko. Kuma wankin ya cinye ruwan randa kaf, ga damina tana ban kwana.

To ji abin da mutumin naki ya yi. Shekaranjiya da hantsi ya hango hadari ya haɗu ta wajen Bugaje, bai ce mini uffan ba ya ɗaure jarkoki da tamfol a babur ya bi shi. Can ya samu ana zabgawa, ya roƙi mutanen wani gida suka kama masa tamfol ya tara. A hanyar dawowa jami'ai suka tsayar da shi a shinge, don kin san a nan duk mai jarka a babur fetur ake zaton zai tsallaka da shi. Suka buɗe, suka sansana, ruwa! Da ya ce na bishiyar surukinsa ne wai har da mai riƙe ciki don dariya. Ya shigo gida jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, ni kuma na rasa inda fushina ya shiga.

Kullum ina kankare ɓawonta kaɗan da farce, cikin kore ne har yanzu. Amma Yaya, ina tsoro. Mutum ya yi shekaru cikin duhu, ya buɗe ido ya ga wannan? Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Muhsina


Jibiya, ranar Lahadi

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, yaya gida, yaya kewar Baba? Ya iso lafiya ranar Juma'a, kuma kafin ya je gidansa nan ya sa Bawa ya sauke shi. Ya shigo da baƙin tabarau, ba mai riƙe masa hannu. Ya daɗe yana kallona, ya ce na yi kama da Inna fiye da yadda yake zato. Ruwa ma bai sha ba ya tambayi bishiya.

Isah kuwa, Allah ya yi masa albarka, ya riga ni durƙusawa ya faɗi komai da bakinsa. Baba ya nufi wajen bishiyar. Ya tsuguna gaban kaskon, ya cire tabarau, ya kai fuska kusa, ya yi ta duba jikin itacen. Can sai ya yafito mu da hannu. A jikin tsohon itacen, daidai inda na datse reshen hagu, ga wasu 'yan jajayen ɗigo kamar ƙwayar gero. Toho ne, Yaya! Ni da nake duba ta safe da yamma ban gani ba, sai shi mai sabon ido. Na yi ihu har kaji suka watse.

Ya ce reshen nan ya daɗe da sanin ya kamata ya tafi, zuciyarsa ce ta kasa. Ya ce fure kam sai an yi haƙuri, ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. Isah ya tashi zai ɗora kaskon a mota, Baba ya ce a mayar inda yake. Wai wadda ya yi renonta ta tafi da rassanta, wannan mai fitowa hannuna ta sani.

Na ɗauka magana ce kawai. Jiya da hantsi sai ga sallamarsa, ya tako tun daga unguwarsu shi kaɗai, ya zauna gaban kaskon, muka yi hira har azahar. Rabon da mu zauna haka ni da shi tun kafin aurena. Yau ma na shimfiɗa masa tabarma, ga shi can ina jin muryarsa a zaure, bari in je.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Muhsina