Yaya, Na Je Bakin Shuɗiyar Ƙofar

Zuwa ga Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Da kana nan sai in ce ina fata kana lafiya, to yanzu ban san abin da ake tambayar wanda yake inda kake ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ma kana da rai ma sai ka ga dama kake buɗe saƙona, saboda haka na saba.

Gida lafiya, daidai gwargwado. Mama na fama da gwiwa, amma ranar zumuntar mata ko da rarrafe sai ta je coci. Har yanzu in ta aika Baga Road a sayo banda sai ta ce a zaɓo mai babban kai, ta manta mai cin kan ba ya nan. Matarka Rifkatu ta koma gidan iyayenta a Galtimari, amma duk Lahadi tana zuwa Bolori ta gaishe mu. Ta rame, sai dai ta koma koyarwa. Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Yaya, gem ɗinmu ya fito.

Ka san wanda nake nufi. Na cikin na'urar gwanjon da Baba ya sayo mana muna yara, mai kaset ɗaya tal, rubutun ciki duk na Japan. Jarumi mai jan gashi da takobi, yarinya mai sanda tana biye da shi, 'yan mitsi-mitsi kamar da bulo aka gina su. Kai ke riƙe abin dannawa, ni aikina hura kaset in ya ƙi tashi. Duk rubutun da ya fito sai ka gyara murya ka fassara mini. Tsohon da ke bakin ganuwa ka ce mai kifi ne daga Baga, yana rantsuwa bandarsa ta jiya ce. Sarkin garin kuwa Kanuri yake yi a bakinka, wushe wushe, yana tambayar jarumi ko ya ci abinci. Yarinyar ka ce ƙanwar jarumin ce, sunanta Saratu, ga rashin ji ga tsiwa, amma ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba. Na yi fushi da maganar rashin jin, sauran kuwa ya yi mini daɗi.

Sai shuɗiyar ƙofar nan ta bayan fada. Hutu guda muka kashe muna neman makullinta, babu tulun da ba mu fasa ba a garin da ke cikin gem ɗin. In ka taɓa ta sai wani gajeren rubutu ya fito, kai kuma ka ce cewa take yi mu je mu girma, mu dawo tare, za ta buɗe. Kafin mu girma ruwan sama ya zubo ta rufin ɗaki ya kashe na'urar.

Bara, kana kwance ana yi maka wankin ƙoda, ka miƙo mini wayarka ka nuna mini labarin cewa masu gem ɗin za su sake fitar da shi a waya, da tsohon zanensa da tsohon kiɗansa, amma da Turanci. Na ce to, asirin tafinta zai tonu. Ka yi dariya har nas ta leƙo. Ka ce in shirya, ai mun girma, ƙofa ta shiga uku. Na kama maganar nan na riƙe fiye da duk abin da likita ya faɗa. Na ce a raina mutumin da ke da ƙofar da zai buɗe ba zai tafi ba. Ka ga wautata?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan na gama wanki, na sauke shi a wayata. Kiɗan farko na tashi na ajiye wayar na shige banɗaki don kada Mama ta ji kukana. Daga nan kuma ban ƙara samun abin kuka ba, sai abin haushi. Gem ɗin ba shi da daɗi, Yaya. Na faɗa, ba zan janye ba. Taku kaɗan dodo, taku kaɗan dodo, kuma dodon guda ne, launi kawai suke canja masa. Mai kifinka ashe mai gadi ne, barka da zuwa kaɗai ya iya, ko sau nawa ka taɓa shi. Sarki bai tambayi kowa ko ya ci abinci ba, wai wani dutse mai walƙiya aka sace masa yake so a ƙwato. Dutse! A kan dutse muka sha bulalar Baba muna ƙin zuwa ɗebo ruwa?

Saratu kuma ba ƙanwar kowa ba ce. Wata mai magani ce da suka haɗu a hanya. Suna isa bakin teku, inda ni da kai ba mu taɓa kaiwa ba, ta ce sai wata rana, ta kama gabanta. Shi kuma ko waiwaye bai yi ba. Ranar nan tuwo bai shiga bakina ba, Mama ta ɗauka zazzaɓi ne.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ina firamare na gane ba ka iya karanta rubutun nan ba. Yau mai kifi na tallar banda, jibi yana cigiyar akuyarsa, alhali rubutun bai canja ko ɗigo ba. Kana tsammani ban lura ba? Shiru na yi don kada ka daina. Amma maganar ƙofar ba ka taɓa canja ta ba, ko sau ɗaya, har kan gadon asibiti. Shi ya sa ita kaɗai na yarda da ita. Na ce wannan dai wataƙila wani ya karanta maka.

Na yi ta kewaye ta kamar mai gudun allura. Sai jiya da rana na juya da jarumin, shi kaɗai, na kai shi bayan fada. Tana nan yadda muka bar ta, har da tsagar nan ta gefen hagu. Na danna. An rubuta: a kulle take. Shi ke nan. Na bincika wurin masu buga gem ɗin, kowa ya ce ba ta da makulli, babu ɗaki a bayanta, an zana ta ne kawai don kada bango ya zauna haka.

Me ya sa ka ce za ta buɗe? Don in daina kuka ne ranar da muka gaji da nema? To a asibiti fa, don wa ka maimaita? Ni kake lallashi ko kanka? Ina jin haushin mutanen da suka yi gem ɗin, ban san su ba amma ina jin haushinsu, sun ba ni kiɗan da zanen, sun hana ni abin da na zo nema. Sai dai na san ba su da laifi. Ba su taɓa sa shi a ciki ba, kai ne kake zubawa.

Akwai wurin canja harshe. Na mayar da shi na Japan, na sake taɓa ƙofar. Gajeren rubutun nan ya fito, sak irin na da, na gane shi kamar fuskar ɗan'uwa. Na zauna ina jira wani ya gyara murya. Fanka ce kawai ke juyawa, Mama na daka a waje.

Ban goge shi ba, ban kuma ci gaba ba. Dutsen sarki ya daɗe bai dawo ba. Jarumin na nan tsaye inda na bar shi, fuskarsa a jikin ƙofar. Ka ce mu girma mu dawo tare. Na girma, Yaya, har Rifkatu ta cire mini furfura ran Lahadi. Na kuma dawo. Kai ne ba ka zo ba.

Ka huta lafiya. Allah ya sada mu inda ba a kulle ƙofa.

Ƙanwarka mai rashin ji,
Saratu, mai hura kaset