Tabon da ke cikina, Inna kaɗai ta san labarinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina aure a Zongon Parakou, yarana biyu ƙanana. Bara aka cire min nonon hagu saboda ciwon daji, tun lokacin tsumma nake cusawa a riga. Yanzu wani likita baƙo ya zo, ya ce zai iya gina min wani da fata da kitsen cikina. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na lura da inda yatsansa ke nunawa a cikina. Ya ce akwai jijiyar jini da ke tasowa daga matsematsi, ta bi ta bayan naman ciki, ta yi rassa kewaye da cibiya, ita za ta ciyar da sabon nonon. Ya ɗora min wata 'yar na'urar jin gudun jini a ciki, a hagu na ji shuu shuu, a dama da ƙyar.

A daman nan akwai tsohon tabo. Ina jaririya aka yi min aiki a Djougou, zamanin juyin juya hali da ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Likita ya ce in wuƙar ta taɓa jijiyar, naman zai iya yin baƙi ya mutu a ƙirjina, ba zai taɓa ni ba sai ya san aikin mene ne aka yi. Bayan Sallah zai tafi.

Goggon da ta riƙe ni ta rasu. Saura Inna, ni kuwa 'yar fari ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa, in na shiga ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Ba ta ma san an cire min nono ba, ga ta da hawan jini. Maigidana ya ce in haƙura, shi bai yi ƙorafi ba, na ce ba shi ke juya wa madubi baya ba, muka kwana biyu ba magana.

Makon jiya na je Djougou wurin Inna musamman. Na zauna, na kama bakin zanena zan nuna mata tabon, sai ta tura min kwanon fura ba ta dube ni ba, ta ce a gaida yara. Na sha, na hau mota.

Ku da kuke 'ya'yan fari, ta yaya zan buɗe cikina gaban matar da ke jin kunyar sunana? In koma, ko in ci gaba da tsummana?