Haƙorin Baba da Igiyar Buhu

Zuwa ga Yaya Habibullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Mu nan Aliero lafiya lau, an cire albasa, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi.

Maganar haƙorin Baba ce ta sa na rubuto. Ka san halinsa, igiyar buhun albasa da haƙori yake tsinke ta tun kafin a haife mu. To haƙorin gaban nan ya ruɓe, ya hana shi barci. Ciwon bai dame shi ba kamar tsoron giɓi, don ya ce in aka cire, karatunsa zai riƙa fita da iska, shi kuwa ba zai ja mutane salla a haka ba, gara ya bar limancin unguwa.

Na kai shi Birnin Kebbi wajen wata likitar haƙori, Dokta Paulina. Yaya, matar nan ta burge ni ƙwarai. Ba ta yi gaggawar cirewa ba. Ta kwashe jijiyar, ta wanke ramin, sannan ta yi masa bayani da Hausa tsaf cewa saiwar haƙorin da aka rarake takan tsage da sauƙi, shi ya sa abin da ake cikewa da shi ke da muhimmanci. Ta ce za ta sa irin wanda ke manne wa bangon saiwar, don ya ƙara mata ƙarfi, amma ba za ta koma kamar mai rai ba, saboda haka shi da igiya sun rabu. Baba ya ce ya gane, karan albasa ke nan, mai rami a ciki. Har ta yi dariya.

Ranar ɗaurin buhunan albasa ina kallonsa ya kai igiya baki, sai ya tsaya cak. A gaban abokansa masu tsiya ya ce, "Ku ara mini wuƙa." Suka yi ta yi masa ba'a wai tsufa ya zo, ko a jikinsa. Da magariba na ji karatunsa ta lasifika, ko harafi ɗaya bai zube ba, sai da na yi hawaye.

Ka gaishe da Anti Murjanatu da su Muhsin. In za ka zo, bar hular nan da ka saba kawo masa, ƙaramar wuƙa mai kube yake so.

Ƙanwarka,
Khairiyya