Kullum Ista a Gidan Baba Cindo

Sabon Gari, 24 ga Maris

Yaya Othniel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da Anti Lovelyn da yara kuna lafiya. Na ba maƙwabciyata Clementina wannan takarda tunda a Samaru take aiki, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, kullum kana taro.

Yaya, na gaji. Wata goma sha ɗaya ke nan da kan Baba ya rikice, ya tsaya cak a ranar Ista. Kowace safiya sai ya sa farar rigarsa ta wa'azi, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Almasihu ya tashi!" Ba zai gusa ba sai na amsa, "Hakika ya tashi." Daga nan ya hau tambayar ina shinkafa da kaza, me ya hana a yi wa yara wanka. Waɗanne yara? Ni ce auta, shekarata arba'in da ɗaya. Ina juya baya ya zare sakata ya kama hanyar coci. Ranar Talata a Hanwa wani mai keke ya tsinto shi, takalmi ƙafa ɗaya.

Keken ɗinkina ya yi tsatsa, masu kaya sun fara kwashe yadinsu. Ka zo ka ɗauke shi, ko wata ɗaya ne, in huta.

Ƙanwarka,
Martina

Samaru, 30 ga Maris

Ƙanwata Martina,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Na karanta wasiƙarki a tsanake, na kuma yi miki addu'a.

Ina so ki dubi al'amarin ta wata fuska. Mutum ya yi shekara talatin yana bishara a ƙauyuka, komai ya gudu daga kansa, Allah ya bar masa labarin tashin Almasihu kaɗai. Wannan albarka ce. Na ma kawo misalinsa a nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba, mutane da yawa sun share hawaye.

Kin san ni ne shugaban kwamitin bikin Ista na bana. Bayan Ista za mu zauna mu duba abin da ya dace.

Naki cikin Ubangiji,
Othniel Cindo

Sabon Gari, 6 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Baba ya yi maka amfani ranar Laraba. Cikin masu share hawayen, akwai mai zuwa ya canza masa zanin gado?

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa fasto ba. Yau kwana tara ban amsa masa ba. Yakan tsaya a ƙofar ya maimaita sau uku, sau huɗu, ni ina kwance na juya wa ƙofa baya, har ƙafafunsa su gaji ya koma. Kunya nake ji, amma bakina ya ƙi buɗewa. Kowa yana azumi yana jiran Ista, ni kuwa ta fita raina, kamar tuwon da aka ɗumama sau goma.

Clementina ta ga motarka a bakin layinmu ranar Lahadi, kana zaune a ciki. Me ya hana ka shigowa?

A gai da mutanen gida.
Martina

Samaru, 10 ga Afrilu

Martina,

Sannu da ɗawainiya. Gaskiya ne, motata ce. Zuwana uku ke nan ina komawa daga nan.

Da Kirsimeti, kina wajen murhu, Baba ya miƙo mini kujera ya ce, "Malam, daga wace ikilisiya?" Ni da ya goya a bayan kekensa zuwa kowane ƙauye. Tun ranar nake tsoron fuskarsa. Ba kwamiti ba ne ya riƙe ni. Ki yafe mini wasiƙar farko.

Lovelyn ta gyara ɗakin baƙi. Zan zo Asabar ta bayan Ista.

Yayanki,
Othniel

Sabon Gari, 21 ga Afrilu

Yaya,

Barka da Ista.

Jiya dai, ranar da kowa ke cewa Almasihu ya tashi, Baba bai zo ƙofata ba. Na same shi a bakin gado da singileti, ƙararrawar coci tana ta bugawa, ko gezau. Na tsaya har na gaji da tsayuwa, sannan na ce, "Baba, Almasihu ya tashi."

Ya ɗago ya dube ni kamar baƙuwa. "Da gaske? Wa ya gaya miki, yarinya?"

Na ce, "Babana."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "To, ki gode masa."

Na gode masa. Muka ci shinkafa.

Har yanzu a gajiye nake, kada ka fasa zuwa. Zai tambaye ka ko kai wane ne, ka gaya masa, ka karɓi kujerar. Kuma wata ɗaya na ce, kada ka ƙara ko kwana ɗaya.

Ƙanwarka,
Martina