Madarar Mata Goma Sha Biyu

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Matan unguwar Amriguébé sun janye daga bincikena, duka sha biyun. Goggo Zaliha, ƙanwar babana, ita ta tara min su tun farko, ita kuma ta kwashe su. Wai ta ji na haɗa madarar nononsu a kwalba ɗaya. "Nuriyya, nonon wata da na wata? Ko ba a sha ba, ba a yi." Na ce ba yaron da zai lasa, furotin ɗin cikin kitsen kawai nake nema, in ga yadda yake tada garkuwar jiki. Ta ce kalas, magana ta ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ai haka ake yi a kowane labo, kowane ɗakin bincike!

Alhamis, 5 ga Oktoba

Direkta Ilyasu ya ce in ba sakamako zuwa ƙarshen wata, a rufe bincikena. Shekara biyu fa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ashe akwai mafita! Ana ƙera irin furotin ɗin nan a labo a waje, ba a tatsi kowa ba. Na yi oda, zai biyo ta Kousseri, can tsallaken Kamaru.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ni da kaina na je Ngueli, bakin iyaka, na karɓo. 'Yar kwalba kamar ɗan yatsa, cikin glasiya, 'yar kular ƙanƙara. Na hau kalando na rungume ta, rana tana dukana, ina ta yi wa mai babur masifa ya bar ramuka. Da na buɗe a labo ƙanƙarar ba ta narke ba. Alhamdulillahi.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Shiru. Ƙwayoyin jinin da na sa wa furotin ɗin ko gezau. Na kasa cin abinci.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Sun motsa! Na ƙara awon furotin ɗin, na sake sau uku, sau ukun ƙwayoyin garkuwa suka farka. Na yi guɗa a labo, ni da ban iya guɗa ba. Direkta ya daɗe yana kallon takardar, ya cire tabarau ya ce, "Madam, an ƙara miki shekara." Wayyo daɗi! Ba da madarar kowa ba, ba da roƙon kowa ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Jiya na share firigo, na tarar da tsohuwar kwalbar da na haɗa. Ba ta da sauran amfani, a zubar a magudana kawai. Na buɗe famfo, na tsaya. Na tuna Aminatu, ɗaya daga cikin matan, tana tatsa, jaririnta yana kuka a bayanta.

Ba wai Goggo ta yi gaskiya ba ne. Kawai dai yau na sa kwalbar a glasiya na kai mata, na ce, "Goggo, yaya ake yi da wannan?"

 Ta tashi ta ɗauko fartanya, mu je mu binne.