Inna, Wayar Nasiru Ta Dusashe Ki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga Yelwa, tare da fatan makwancinki ya yalwata, haske na shigo miki ta kowane ɓangare. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya cika tafki bana, kifi dai sai a hankali.

Bayan haka, ƙara na kawo miki. Na san mutane za su leƙo su karanta, to su karanta. Ƙarar autanki Nasiru ce, shi da wayarsa mai idanu reras a baya.

Kin tuna lokacin da ya dawo da ita daga Birnin Kebbi, ana saura kwanaki kaɗan sunan ɗiyata? Ko ruwa bai sha ba ya tara mu tsakar gida. Wai ɗaya daga cikin idanun ba na ɗaukar hoto ba ne, na auna nisa ne. Wayar ta san abin da ke kusa da ita, ta san abin da ke nesa. Muka ce to, madalla, mu ma da namu idanun mun sani.

Sai ya shiga ɗakinki ya saita ta. A fuskar wayar ga wata ƙatuwar kujerar kushin ta zauna daram bisa tabarmarki, alhali ɗakin ba kowa sai ke da buta. Kika leƙa wayar, kika dubi tabarma, kika sake leƙawa, kika ce, “Kujerar da ba a zama kanta, mi amfaninta?” Ya fito da zaki a fuskar wayar kusa da turken awaki, yara suka watse da ihu. Ya sa wa Goggo Hajo, ƙanwarki, kunnuwan kyanwa, matar da ta je Makka.

Ba zan yi wa wayar ƙarya ba, ta taɓa yin rana. Ita ta auna mana tagar ɗakinki da za a sa ragar sauro, kuma ragar ta zauna daidai. Aikin da igiyar shanya za ta yi ke nan, amma dai ta yi.

Ranar suna kuwa shi ne mai hoto. Aka hana kowa ɗauka, wai kada a ɓata tarihi da ƙananan wayoyi. Ni ma da bakina na ce a bar masa.

Ke kuma kin san halinki da hoto. Duk wanda ya ɗaga waya sai ki ja mayafi ki juya kai. Na roƙe ki ki zo ki riƙe jaririyar, takwararki ce fa, sunanki aka sa mata muna kiranta Ummi. Kika ce, “Ku ɗauki yara, ni ina nan, ina za ni?” Kika koma bayanmu kika zauna kan turmi kina gyaran kifin banda da za a zuba a miyar baƙi. Na ce a raina ba komai, ko daga bayan ne kin shiga.

Hotuna suka fito, kowa na santi. Ni da Ummi tar, har gashin girarta ana gani. Bayanmu kuwa dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashi man gyaɗa. Nasiru na ta washe baki, wai irin na manyan masu hoto ke nan. Ya turo su zauren danginmu na waya, muka yi ta yabo. Wallahi ba wanda ya lura. Lokacin kina nan, wa zai je neman ki a hoto?

Ba ki sake ganin wata damina ba.

Sai bayan an share makoki na zauna ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kina cikinsu kusan duka, Inna, kuma ba ki cikin ko ɗaya. Ga shuɗin zanenki, ga farin mayafi, ga wani duhu-duhu inda fuska take. Wannan ido mai auna nisa ya auna, ya ga kina baya, ya haɗa ki da katanga da rumbu ya shafe. Wa ya aike shi? Wa ya ce masa wanda ke gaba shi ne mutum?

Na nemi katinki na zaɓe, shi ma ruwan ambaliyar da ya shiga gidanmu na Wara ya cinye fuskar. Ko da ma, ke da kanki kin ce wadda ke jikinsa ba ke ba ce.

Na kira Nasiru. Ya ce kada in damu, wayar tana ajiye awon nisan tare da hoton, ana iya cire dishi-dishin a maido da ke, in dai na asalin ne da ke cikin wayarsa, ba wanda ya turo mana ba. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce to maido ta. Sai ya fara kame-kame. Ashe ya yi musayar wayar tun tuni, an goge komai, ya karɓo wata sabuwa. Dalili? Sabuwar ta fi waccan iya auna nisa.

Inna, don Allah ki ji. Ta fi iya auna nisa! Mi muke aunawa haka a gidanmu?

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba tun yana rarrafe. Ya yi kuka, na yi. Na san bai yi da gangan ba, kuma na san da kina nan cewa za ki yi in ƙyale miki auta. Na ƙyale shi. Da ya tsaya nan, da ban rubuto ba.

Watan jiya, don ya wanke kansa, ya saka hoton cikin wata manhaja mai gyara fuska. Ya turo zaure da murnarsa, wai ga Inna ta fito. Na buɗe. Wata mata ce zaune kan turminki, sanye da zanenki. Fara sol, kumatu sumul. Ba tsagar gidanku, ba wushiryarki, ba tabon da ƙugiya ta bar miki a gira tun kina budurwa. Kyakkyawa ce, ban hana ta ba, amma ban taɓa ganinta ba.

Dangi suka yi ta jero addu'a a ƙarƙashinta. Har Goggo Hajo, wadda kuka sha nono ɗaya, ta aiko da murya tana kuka tana cewa Allah sarki Yaya. Na ce ko dai ni ce na zare?

Ummi ta gani kafin in goge. Yanzu ta yi wayo, tana zuwa makarantar rainon yara, kuma ta daɗe tana damuna in nuna mata mai sunanta. Ta rungume wayar, ta kai wa ƙawayenta labari cewa kakarta fara ce mai kyau. Na goge hoton daga wayata, na sa Nasiru ya janye shi, amma daga kan yarinya fa?

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ke: ni ma ta fara shigar mini. In na rufe ido ina neman ki, sai fuskar matar nan ta riga taki zuwa. Tsoro nake ji, Inna. Haushi ya ƙare, tsoro ne yanzu.

Na kai hoton nan mai dishi-dishi an wanke mini, na rataye a ɗaki. Jiya da hantsi na zaunar da Ummi gabansa, na kama ɗan yatsanta ina bi da shi kan kumatuna, ina nuna mata inda tsagarki ta bi, da inda tabon yake. Ta saurara tsaf. Sai ta tambaye ni tabon a wace gira yake, ta dama ko ta hagu. Na laluba a raina, na kasa tunawa. Ni da na tashi a gabanki, na wanke ki da hannuna.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki, ya shirya mana Nasiru, ya raya takwararki. Allah ya sada mu a Aljanna. In ranar ta zo kika hango ni tsaye cikin mutane ina ta dube-dube, kada ki yi fushi. Ke dai ki kira sunana.

Ɗiyarki ta fari,
Balkisu